Bukka, Baca da Rumfa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Sunayen Matsugunan Wucin Gadi

Idan gobara ta tashi a sansanin 'yan gudun hijira, ko hukuma ta yi rusau a gefen Abuja, sai ka ji wannan gidan rediyo ya ce bukkoki ne abin ya shafa, wancan ya ce tantuna, jarida kuma ta rubuta gidajen baca. Wuri ɗaya suke nufi, amma kowace kalma da irin hoton da take sa wa mai sauraro a zuci. Ga tambayoyin da ɗalibai, masu fassara da 'yan jarida suka fi yi a kan waɗannan sunaye.

Mece ce bukka a asalin Hausa?

Bukka ƙaramin ɗaki ne da ake kafawa da abin da daji da gona suka bayar: kara, ciyawa, zana, kaba, rassan itace. Ba a haƙa mata tushe, ba a kwaɓa mata ƙasa, ba a jera mata tubali. A kan kakkafa sanduna masu lanƙwasuwa a zagaye, a haɗe kawunansu a sama, a ɗaure da igiyar rama ko ɓawon kalgo, sannan a lulluɓe da ciyawa tun daga sama har ƙasa. Bango da rufi abu guda ne. Ƙofar gajeriya ce, sai mutum ya sunkuya zai shiga, kuma da asabari ko guntuwar zana ake tare ta.

Alamarta ta biyu tana cikin niyyar mai ita: ya kafa ta ne da sanin cewa zai tashi. Manomin da gonarsa ta yi nisa da gari yakan kafa bukka ya kwana a can lokacin girbi, ko lokacin da tsuntsu da biri suka matsa wa amfani. Masunci yakan kafa tasa a bakin kogi ko a tsibiran Tafkin Chadi, ya bi ruwa duk inda ya ja. Mai gadin lambu, maharbi, mai ƙona gawayi, kowa da tasa. In aiki ya ƙare a kwashe tabarma da tukunya, a bar sauran ga iska da gara.

Yaya ake rubuta ta, kuma mene ne jam'inta?

Da "k" biyu ake rubuta ta, kuma ba mai lanƙwasa ba: bukka. Kalma ce ta mace, shi ya sa ake cewa "wata bukka", "bukkar makiyayi", "bukkar nan ta rushe". Jam'inta bukkoki.

Aikatau ɗin da ya fi dacewa da ita shi ne "kafa". Za ka ji wasu na cewa "ya gina bukka", kuma ba wanda zai kasa gane su, sai dai gini a kunnen Bahaushe yana tafiya ne da ƙasa ko siminti. Haka nan "baibaya" aikin lulluɓe rufi ne da ciyawa, ko na bukka ko na ɗakin ƙasa. A Fulfulde ma akwai kalma mai kama da ita, "bukkaaru", kuma irin wannan ɗakin ciyawa take nufi.

To ke nan duk mai zama a bukka talaka ne?

A'a, kuma a nan ne mutanen birni suka fi yin kuskure. Bafulatanin da ke da garken shanu wanda kuɗinsa ya fi na gidan bene yana kwana a bukka, domin rayuwarsa ta bin ciyawa da ruwa ce. Da damina yana nan, da rani ya yi kudu ko ya gangara fadama. Ɗakin siminti ba ya bin saniya. A ruga da yawa mata ne ke kafa ɗakunan, kuma aiki ne na gwaninta: a san ciyawar da za a yanka, a san yadda za a jera ta ruwa ya zame bai ratsa ba, a san inda za a juya ƙofa don kada iskar damina ta shigo kai tsaye. Bukkar da gwana ta kafa ba ta yoyo, tana da sanyi da rana, tana riƙe ɗumi da dare.

Ilimi ma ya daɗe a cikin bukka. Tsangayar da, wadda malami ke fita bayan gari da almajiransa don su nisanci hayaniya su tsare allo, bukkokin kara ne jere. Alarammomi da yawa a irin wannan ɗaki suka haddace Alƙur'ani suka kuma rubuta shi da ka. In aka koma can baya, masallacin Manzon Allah (SAW) na farko a Madina da kututturan dabino aka tokare shi, aka rufe da ganyensa, har ruwan sama kan zubo ciki. Kiristoci masu karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa kuma sun san Idin Bukkoki, kwana bakwai da Bani Isra'ila ke zama a bukka don tuna zamansu na jeji bayan fitowa daga Masar.

Saboda haka kalmar ba ta zo da wulaƙanci a jikinta ba. Birni ne ya shafa mata shi daga baya.

Mene ne bambancinta da rumfa, da ɗakin jinka, da tanti?

Rumfa inuwa ce. Dirkoki huɗu ko shida, a ɗora zana ko kara ko kwano a sama, gefe a buɗe. Ana ciniki a rumfa, ana hira, ana ɗaurin aure, ana jefa ƙuri'a, amma ba don kwana aka yi ta ba. Wanda ya ce "a rumfar kasuwa nake kwana" yana gaya maka ne ba shi da ɗaki.

Ɗakin jinka kuwa bangonsa na ƙasa ne, rufin kaɗai ne na ciyawa. Zagayayyen irinsa shi ne kago. Wannan gida ne na zama, ana haihuwa a ciki, ana gado. Kiran sa bukka kuskure ne da ake yawan gani a fassarar rahotannin ƙungiyoyin agaji, inda duk ɗakin da ba na kwano ba ake yi masa kuɗin goro.

Tanti na yadi ne ko tamfol, ana naɗe shi a tafi da shi. Irinsa ne alhazai ke kwana ciki a Mina.

Baca fa? Ita ma Hausa ce?

Ta zama Hausa, tunda Hausawa ke faɗinta kullum, musamman 'yan cirani da mazauna Abuja, Legas da Fatakwal. Kalmar tana nan a Turancin Buroka, kuma jaridun kudu kan kawo ta idan ana maganar rusau. Wasu na rubuta ta "bacha", amma a ƙa'idar rubutun Hausa "c" kaɗai ta wadatar: baca. A jam'i an fi jin "gidajen baca" ko "ɗakunan baca".

Baca ita ce bukkar birni, kuma kayan aikinta abin da birni ya zubar ne: tsohon kwano, falankin da aka cire bayan zuba rufin kankare, katakon akwatin kaya, buhun siminti, leda, tamfol, allon talla da aka sauke. Murabba'i ce, ba zagaye ba. Da ƙusa ake haɗa ta, shi ya sa ake cewa "ya buga baca". A kan ɗora tsohuwar taya ko duwatsu a kan rufin don kada iska ta yaye.

A ganina, idan ana maganar unguwannin kwano da katako na gefen birane, baca ce kalmar da ta dace. Wanda ya ji "bukkoki" zai hango ciyawa da shanu, alhali wurin da ake nufi yana bayan wani katafaren otal ne, mazaunansa kuma 'yan acaba ne, masu shayi, 'yan garuwa, 'yan bola-jari, leburorin gini da masu gadi.

Wacce ta fi daɗin zama, bukka ko baca?

Wanda ya kwana a duka biyun zai ce bukka. Ciyawa tana barin iska ta ratsa, kwano kuwa yana tara zafi, ta yadda da azahar a watan Afrilu ba mai iya zama a cikin baca. Da hunturu kuma sanyi ya ratsa kwanon kamar ba rufi. Bukka tana tsaye a fili, da tazara tsakaninta da ta kusa, ga daji a bayanta. Baca tana manne da 'yar'uwarta, bango ɗaya na raba iyali biyu, ba magudanar ruwa, ba masai sai na kuɗi.

Abin da ya haɗa su shi ne wuta. Da hunturu komai ya bushe, iska na kaɗawa, mutane na shiga da garwashi ɗaki don jin ɗumi. A baca an ƙara da risho, da kyandir, da wayar lantarki da aka jawo ba bisa ƙa'ida ba, da fetur ɗin da ɗan acaba ya ajiye a galan. Tunda ɗakunan a cunkushe suke kuma babu hanyar da motar kashe gobara za ta bi, wutar da ta tashi a ɗaki ɗaya takan lashe layi guda kafin a ɗebo ruwa.

"Buka" da ake cin abinci a Legas da Ibadan, daga bukka ta fito?

Dangantakar a fili take: wurin sayar da abinci ne mai araha a bakin hanya, wanda asalinsa 'yar rumfa ce ko bukka. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi 29 na Turancin Najeriya, ciki har da "buka" da "bukateria" da "Kannywood", kuma ya danganta "buka" da Hausa da Yarbanci. Yau akwai gidajen abinci masu na'urar sanyaya ɗaki da ke kiran kansu buka, don mutane su san za a samu amala da miya irin ta gida. Bahaushe dai ba ya cewa "zan je bukka in ci abinci". Gidan abinci yake cewa, ko wurin mai tuwo.

Ruga da bukka abu ɗaya ne?

Bukka ɗaki ne, ruga mazauni ne: bukkokin iyali, da turken maruƙa, da wurin kwanan shanu, duk a haɗe. A 2019 kalmar ta shiga siyasa lokacin da gwamnatin Muhammadu Buhari ta fito da shirin tsugunar da makiyaya mai suna RUGA, jihohin kudu da na tsakiya da dama suka ƙi, aka dakatar da shi a farkon watan Yulin shekarar. Tun daga nan a kunnen mutane da yawa a kudu ruga ta daina zama sunan mazauni, ta koma sunan rigimar fili.

Akwai kuma wata unguwa a Abuja, kusa da hanyar filin jirgin sama, da ake kira Ruga, wadda hukumar birnin ta rushe a watan Nuwamban 2024 a zamanin minista Nyesom Wike. Sunan na makiyaya ne, amma ɗakunan da aka rushe baca ne.

Sauran ƙasashe da me suke kiran irin waɗannan gidaje?

Kusan kowace ƙasa da nata suna, kuma sunan kan ɗauko labarin yadda abin ya faro. Masu jin Faransanci, har da 'yan'uwanmu na Nijar, Kamaru da Chadi, sun san "bidonville". In za a juya ta zuwa Hausa, garin garwa ke nan, domin a Kasabalanka ta ƙasar Maroko, zamanin mulkin Faransa, leburori kan fasa garwa su baje ta su yi bango da rufi. Turkawa na cewa "gecekondu", wato wanda aka kafa cikin dare, saboda a kan yi sauri a gama ɗaki kafin gari ya waye jami'ai su iso. A Amurka, lokacin karayar tattalin arzikin da ta fara a 1929, waɗanda suka rasa aiki da gida sun kafa unguwannin katako da kwali, aka laƙaba musu "Hooverville" don yi wa shugaba Herbert Hoover ba'a.

Na Burazil ya fi su labari. "Favela" sunan wata bishiya ce mai ƙaya da ke fitowa a busasshen yankin arewa maso gabashin ƙasar. Sojojin da suka yi yaƙin Canudos a jihar Bahia sun yi sansani a kan wani tudu mai wannan suna. Da yaƙi ya ƙare a 1897 suka dawo Rio de Janeiro ba su samu matsuguni ba, sai suka hau wani tudu a birnin suka kakkafa ɗakuna, aka riƙa kiran wurin da sunan tudun da suka baro. Yau yawancin gidajen favela na bulo ne, wasu hawa uku ko huɗu, amma sunan bai canza ba. Ƙidayar 2022 ta nuna mutum sama da miliyan 16 ne ke zaune a irin waɗannan unguwanni. Hukumar ƙididdigar ƙasar ta shafe shekaru tana kiran su da wani suna mai ma'anar "cunkoson da bai kai ƙa'ida ba", sai a farkon 2024 ta watsar da shi ta koma kiran su favela, bayan tuntuɓar mazauna.

Zagi ne a kira gidan mutum bukka?

Ya danganta da bakin da ta fito. Mai gida na iya ce wa baƙonsa, "Ranka ya daɗe, bismillah, ga 'yar bukkar tamu," alhali gida ne ginanne da farfajiya. Ƙanƙan da kai ne, kuma amsar da ta dace ita ce, "Haba Alhaji, ai wannan ta fi ƙarfin bukka, Allah ya sa albarka." Amma in baƙon ne ya fara cewa bukka, ya ci mutuncin mai gida. Haka uwar amarya in ta ce "ba zan kai 'yata wannan bukkar ba", kowa ya san ba ciyawa take nufi ba, raini ne.

Baca ta fi saurin zama gori, domin ita ba ta da wani tarihi na daraja da za ta jingina da shi. "Ɗan baca" ba yabo ba ne. Su kansu mazauna sukan faɗe ta ba tare da jin komai ba, in an tausaya musu su ce da babu gara ba daɗi.

Me ya sa ake damuwa da sunan da aka kira unguwa? Ba duk ɗaya ba ne?

Saboda suna kan riga katafila isa wurin. Kafin a rushe unguwa sai an fara kiran ta matattarar ɓarayi, ko juji, ko tarin baca, har jama'a su saba da cewa ba gidajen mutane ba ne.

A Accra akwai unguwar Old Fadama, a bakin kogin Odaw. Sunan ma Hausa ne, fadama, kuma yawancin mazaunanta daga arewacin Ghana suka zo, da dama bayan rikicin ƙabilanci na 1994. Ƙidayar da mazauna suka yi da kansu a 2009 ta samu kusan mutum 80,000. Amma jaridu da jami'ai sun fi kiran ta "Sodom da Gomorrah", garuruwan mutanen Annabi Luɗu da aka halaka. Bayan ambaliya da gobarar ranar 3 ga Yunin 2015, waɗanda suka kashe mutum sama da 150 a birnin, cikin watan nan aka tura motocin rusau suka share wani ɓangare na unguwar.

A Legas, unguwar Maroko, ba ƙasar ba, an rushe ta a watan Yulin 1990 a zamanin gwamnan soja Raji Rasaki, bayan wa'adin kwana bakwai. An ƙiyasta mutum 300,000 ne suka rasa matsuguni, kuma ba duka gidajen ne na katako ba, akwai ginannu. Filin yanzu yana cikin wurare mafi tsada a birnin. Makoko, unguwar masunta da ke kan ruwa, an ba mazauna wani sashenta wa'adin sa'o'i 72 su tashi a watan Yulin 2012. A Abuja kuwa rusau ya yi ƙamari lokacin da Nasir El-Rufai ke minista, daga 2003 zuwa 2007, da hujjar dawo da taswirar birnin ta asali.

Hukuma na da hujjojinta, kuma wasu na gaskiya ne: ɗakin da aka buga a kan magudanar ruwa ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki haɗari ne ga mai shi da maƙwabta. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamnoni, mai baca kuma ba shi da takarda. Abin da ya kamata ɗan jarida ya kula da shi shi ne kada ya ari kalmar sanarwar hukuma ya yafa ba tare da ya je ya gani ba. In gidan bulo ne aka rushe, a ce gida.

Yaya zan fassara "slum" zuwa Hausa?

Ba ta da kalma guda, kuma "bukkoki" ba ta isa ba, domin kalmar Turancin unguwa take nufi, ba ɗaki ba. An fi amfani da "unguwannin marasa galihu" ko "unguwannin talakawa masu cunkoso". Hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da matsugunai, wadda hedikwatarta ke Nairobi, tana auna abin da abubuwa biyar: gini mai ƙwari, wadatar wuri ta yadda ba a wuce mutum uku a ɗaki ba, ruwa mai tsabta, bayan gida mai kyau, da tabbacin ba za a tashe ka ba. Gidan da ya rasa ko ɗaya daga ciki ya shiga lissafi, kuma da wannan ma'auni mutum sama da biliyan ɗaya ne a duniya. Ka ga ke nan tsohon gidan ƙasa a lungun birni, mai mutum takwas a ɗaki, yana ciki ko da babu kwano ko ɗaya da aka tsinto a jikinsa.

Ɗakunan sansanin 'yan gudun hijira fa, tanti ne ko bukka?

Duba abin da ke gabanka. In ƙungiyar agaji ce ta kafa na tamfol a jere, kamar a sansanin Minawao na arewacin Kamaru da aka buɗe a 2013, tanti ne. In mutane ne da kansu suka lanƙwasa sanduna suka rufe da zana da tsumma da leda, kamar yadda aka gani a sansanonin da suka tsiro a gefen Maiduguri da kan hanyar Diffa, bukka ta fi dacewa, domin da fasahar ƙauye aka yi su, kayan rufin ne kawai suka canza. Bambancinsu da bukkar manomi shi ne mazaunansu ba su san ranar tashi ba. Wasu sun shafe shekaru a ciki kafin gwamnatin Borno ta fara rufe sansanonin Maiduguri a 2021.

Ana biyan haya a baca?

Ƙwarai kuwa. Mutane da yawa na zaton kyauta ake zama, alhali da wuya ka samu baca da ba a biyan wani. Sau da yawa filin na wani mai kuɗi ne da bai tashi gini ba, ya sa mai gadi, mai gadin ya buga ɗaki ɗaya don kansa, sannan ya ƙara wasu ya zuba 'yan garinsu suna ba shi na wata. Wani wurin mai unguwa ne ke yanka wuri, wani wurin kuma wanda ya riga zuwa ne ke sayar wa na baya da ɗaki, kwano da katako kawai, ban da ƙasar da suke kai. Ban da haya akwai kuɗin ruwa a wurin ɗan garuwa, kuɗin wanka da bayan gida a gidan wanka, da na wutar da aka jawo daga janaretan wani. Ba rasit, ba yarjejeniya a rubuce. Ranar da mai fili ya kawo tifar yashi, ko hukuma ta shafa jan fenti a bango, wanda ya biya kuɗin wata uku gaba ba shi da wurin kai ƙara, sai dai ya yi sauri ya ɓalle kwanonsa kafin katafila ta taka, domin da shi zai buga wata a gaba.